Za a zira wa Baba bututu zuwa zuciya, ga ciwon suga ga raunin ƙoda

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, ku taimaka mini da shawara.

Babanmu mai shekara 67 yana fama da ciwon ƙirji, ko masallaci zai je sai ya dafa bango ya huta. Likitan zuciya ya ce a yi masa anjiyogirafi: a zira siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko matsematsi har zuciya, a tura rini don a ga inda jijiya ta toshe.

Rinin nan ne ya tsaya mini a rai. Gwajin ƙarshe ya nuna ƙodar Baba ta fara rauni, kuma rinin na iya ƙara mata illa. An ce za a dakatar masa da metformin, maganin ciwon sugar da yake sha, na awa 48 bayan aikin, to da me za a riƙe sugarsa kafin nan? Aspirin fa, ya ci gaba da sha, ko zai jawo zubar jini a wurin hudar?

Shi kuwa tunda ya ji an ambaci shanyewar ɓarin jiki cikin haɗurran aikin ya ƙi sa hannu a takarda, duk da likita ya ce ba kasafai hakan ke faruwa ba. Me ya kamata mu tambayi likitan ƙoda kafin ranar?