Tsakuwa ta ɓata min fentin bonet, zan iya gyarawa a gida da samfefa da ruwa?

Baban_Hanifa

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar fentin mota. Corolla ce gare ni, silba, kuma aikina yana sa ni zirga-zirga tsakanin Zariya da Kaduna. Kun san yadda tifa ke watso tsakuwa idan ka bi bayanta. Yanzu gaban bonet ɗin duk ya yi tabo, ƙanana ne dai, babban cikinsu bai fi milimita 3 ba, amma biyu daga ciki sun fara yin ja, ina jin tsatsa ce. Na kai wa mai fenti, ya ce sai dai a fesa bonet ɗin gaba ɗaya. Ni kuma ba na so, don motar fas bodi ce, wato ba a taɓa sake mata fenti ba, ranar da zan sayar dillalai da wannan za su karya min farashi. Wani abokin aikina ya ce ana ɗiga fenti a ramin, sannan a goge da samfefa da ruwa har ya saje. Da gaske ne? Wace samfefa ake saya, kuma ba zan ƙara ɓata abin ba?

Dan_Tasi_001

Wa'alaikumussalam. Oga, ka samu jan farce mara kala wajen Hajiya ka ɗiga a kai, tsatsa ba za ta ci ba. Mu haka muke yi. Wa zai tsaya duba bonet ɗinka a kan titi?

Tsohon_Mai_Fenti

Wa'alaikumussalam Baban Hanifa. Abokin aikinka bai yi ƙarya ba, ana yi, kuma ka yi tunani da ka ƙi yarda a fesa bonet saboda 'yan tabo. Amma ya ba ka labarin daga ƙarshe. Samfefa ita ce aikin minti biyu a cikin gyaran da zai ci mako guda, kuma ita ce kaɗai wurin da za ka iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa sai da bindigar feshi.

Ka fara sanin abin da ke kan ƙarfen. Daga ƙasa akwai firaima, wato shafin farko da ke kama ƙarfe, sai kala, sai kiliya a sama, wato wannan mai sheƙi mara launi. Duka-duka kaurinsu a motar da ta fito daga kamfani bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, kusan kaurin takardar fotokwafi ɗaya ke nan. Kiliyar kanta wajen 40 zuwa 50 ce. Ita ce ke tare wa kalar rana, kuma abin da samfefa ta ci daga cikinta ya tafi ke nan.

Ga yadda nake yi. Ka wanke wurin da sabulu, ya bushe, ka goge da sifirit don ya cire maiƙo da tsohon folish, in ba haka ba fentin ba zai kama ba. Waɗannan biyun da suka yi ja, da su za ka fara. Ka ɗauki abin huda takarda na ofis ka huda samfefa mai lamba 600 ko 800 (iya girman lamba, iya laushin samfefa), ɗan da'irar da ya fito ka manna shi a kan robar bayan fensir. Sai ka dasa shi cikin ramin kana murzawa da yatsu biyu har ka ga farin ƙarfe. A cikin ramin kawai, kada ya fita waje. Idan ka rufe tsatsa da fenti, tana nan tana ci daga ƙasa, bayan damina ɗaya za ka ga wurin ya kumbura. Duk ramin da ƙarfe ya fito a ciki, ka fara ɗiga masa firaima kaɗan, ya bushe.

Burushin da ke zuwa a murfin kwalbar fenti, ka ajiye shi gefe, ya yi girma. Tsinken sakace za ka yi amfani da shi. Ka tsoma bakinsa, ka taɓa tsakiyar ramin, fentin da kansa zai malala ya cika gefe. Ba shafawa ake yi ba. Ka ba shi kamar rabin awa, ka ƙara wani ɗigon. Za ka ga kullum in ya bushe yana lotsawa, saboda tinar da ke ciki, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, tana tashi, don haka sai an yi ta maimaitawa. Na ƙarshe shi ne kiliya, ka bari ta ɗan yi tudu sama da fentin da ke kewaye. Daga nan ka cire hannunka. Mako guda. Ina ganin yara a gareji suna gogewa washegari saboda mai mota yana tsaye a kansu, bayan 'yan kwanaki wurin ya sake zama rami, ko kuma samfefar ta ciro ɗigon ɗungurungum tun a lokacin.

In mako ya cika sai maganar samfefa. Ka nemi ta ruwa, mai lamba 2000 da mai 3000. Ka yanka 'yan ƙanana, ka jiƙa su cikin ruwa mai ɗigon sabulu kamar minti 15. Kada ka goge da tsirarar yatsa, domin yatsa tana da laushi, za ta bi tudun ta ci kiliyar da ke gefensa, tudun kuma yana nan. Ka naɗe samfefar a jikin wani abu mai tauri da shafaffiyar fuska, irin kilinar 'yan makaranta. Ruwa yana zuba, ka ja sau huɗu ko biyar ta fuska ɗaya, babu dannawa, ka share da tsumma, ka duba, ka shafa da yatsa. Ruwan da ke fitowa zai yi fari-fari kamar an ɗiga madara, wannan kiliya ce, ba matsala. Ranar da ka ga launin motar a jikin samfefa, ka riga ka huda, ka tsaya. Da zarar yatsarka ta daina jin tudu, ka koma 3000 ka bi sau kaɗan. Wurin zai dushe, kada hankalinka ya tashi. Kwamfawun, wato man goge fenti, a tsumma mai laushi zai dawo da sheƙin, sai folish a bayansa.

Shi kuma ɗan'uwana mai tasi, jan farce yana tare ruwa na ɗan lokaci, ban musa ba. Amma zafin bonet da ranarmu ba ya barinsa ya daɗe, kuma a kan tsatsa ba ya maganin komai.

Baban_Hanifa

Allah ya saka da alheri Baba, wallahi na ƙaru. Tambaya biyu. Ina zan samo fentin da zai yi daidai da nawa? Sannan akwai tabo uku a daidai bakin bonet, inda ya lanƙwasa, su ma haka zan yi musu?

Injiniya_Mando

Kafin Baba ya dawo: buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takardar kamfani. A Toyota za ka ga an rubuta C/TR, lambar farko da ke biye ita ce ta kala. Silba da aka fi gani a Corolla ita ce 1F7, fara 040, baƙa 202, amma ka duba taka, kada ka ɗauka daga bakina. Ka kai lambar wurin masu haɗa fenti, a Kaduna akwai su a Panteka. Ni dai ba na yarda da lamba kaɗai, musamman a motocin Kwatano. Da yawa an taɓa fesa su kafin su iso hannunmu, wanda ba a fesa ba kuma rana ta riga ta canja shi. Ka kwance murfin tankin mai na waje, mai fentin motar, ka tafi da shi, su haɗa suna gwadawa a kansa. Cikin ƙaramar kwalba ya ishe ka har ka ba maƙwabci.

Kuma ka lura da lokaci. Yanzu hunturu ne, ƙura ko'ina. Ka yi da sassafe a cikin rumfa, bonet a sanyaye, ka kifa murfin kwalba a kan ɗigon har ya sha iska.

Tsohon_Mai_Fenti

Injiniya ya gama maganar kala, dabarar murfin tanki ita muke yi tun da. Sai dai tunda ka ce silba ce, dole in gaya maka gaskiya tun kafin ka kashe kuɗinka. A duk kaloli ita ce mafi wuyar ɓoye gyara. Ƙyallin nan da kake gani 'yan ɓurɓushin alminiyon ne a cikin fentin. In an fesa da bindiga suna kwanciya a shimfiɗe, in an ɗiga da tsinke suna nutsewa yadda suka ga dama, sai ɗigon ya fito ya fi jikin motar duhu ko da lambar daidai take. Saboda haka kalar ka sa ta siririya, ta rufe firaima kawai, ta tsaya ƙasa da bakin ramin. Sauran ka cike da kiliya. Samfefa kada ta taɓa silbar kanta, in ta taɓa wurin zai yi wani irin toka-toka da kwamfawun ba ya cirewa. Fara da baƙa ba su da wannan fitinar sosai.

Abin da za ka samu shi ne tabon da ba a gani daga taku uku, amma kai da ka san wurin za ka gan shi in ka sunkuya. Dillali ma zai gani, sai dai ya san bambancin ɗigo da feshi, motarka tana nan a fas bodi.

Na bakin bonet kuwa, ka cike su kawai ka bar su. A duk inda ƙarfe ya lanƙwasa fenti ya fi siranta, ja biyu na samfefa ya isa ya huda shi. Ka ɗiga kiliyar daidai da baki, ba tudu, in ta bushe ka bi da kwamfawun a hankali. Kuma kada ka fara da tsakiyar bonet. Ka nemi wani tabo a can ƙasa, wajen ƙasan ƙofa, ka koyi hannu a kansa. Kakin mota kuma ka jinkirta shi a wuraren da ka gyara har wata guda, fentin yana buƙatar ya gama fitar da tinarsa.

Baban_Hanifa

Na duba, 1F7 ce kuwa. Asabar in Allah ya kai mu zan shiga Panteka da murfin tankin. Baba, samfefa 3000 ɗin in ban samu ba, 2500 za ta yi?

Tsohon_Mai_Fenti

Za ta yi, sai dai ka ɗan daɗe a kan kwamfawun. Ka tabbata dai ta ruwa ce suka ba ka, ba ta kafintoci ba.