Me za mu kira "therapy" da Hausa?

1/ Jama'a, kalma nake nema. Aikin tafinta nake yi a Bronx, cikin birnin New York, tsakanin likitoci da mutanenmu 'yan Gana da Nijar. Kwanan baya likita ta ce wa wata dattijuwa tana buƙatar "therapy", wato zaman tattaunawa da ƙwararre kan abin da ke damun mutum a rai, ni kuma na fassara mata da ganin "likitan ƙwaƙwalwa".

2/ Nan take ta ja mayafinta ta ce, "Ɗana, ni ba mahaukaciya ba ce. Barci ne ya ƙaurace mini tun rasuwar maigida." Ba ta sake dawowa ba. Kalmata ce ta kore ta, kuma har yau abin yana ci mini rai.

3/ Dama can baƙar fata a Amurka ba ya kaiwa ga wannan kulawa cikin sauƙi. Akwai tsada, kuma masu aikin da yawa ba sa karɓar Medicaid, inshorar marasa ƙarfi. Ga rashin yarda da asibiti, wanda ke da tushe: daga 1932 zuwa 1972 an bar ɗaruruwan baƙaƙen maza a garin Tuskegee na jihar Alabama da cutar tunjere ba magani, don bincike kawai. Saboda irin waɗannan matsaloli ne a 2018 marubuciya Rachel Cargle ta kafa gidauniyar Loveland, mai biya wa baƙaƙen mata kuɗin zaman. Mu kuma ga matsalar harshe a kan duk wannan.

4/ Na gwada "nasiha", amma ita malam ke magana kana saurare, alhali a nan kai ne mai yawan magana. "Shawara" kuwa, faɗe ta a asibiti ka ga an fara duba ko idonka ya yi rawaya. "Jinyar zuci" ta yi mini daɗi a baki, sai dai tsofaffi za su ji ciwon zuciya.

5/ Na tsaya a kan "jinyar damuwa". Damuwa ba abin kunya ba ce, kowa na cewa yana da ita. Jinya kuma aba ce ta haƙuri, a je a dawo, mako bayan mako, kamar yadda zaman yake.

6/ Mai aikin fa? "Mai jinyar damuwa" zai iya zama marar lafiyar kansa, don haka na zaɓi "masanin jinyar damuwa". 'Yan Kumasi da Damagaram, ku faɗa mini yadda ta sauka a kunnenku, don ranar Litinin ina da wani zaman fassara.