Ciniki yana ƙaruwa amma kamfani yana bayyana asara: in sayar da hannun jarina ko in jira?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar kuɗi a cikinmu. Da na yi ritaya, na zuba mafi yawan kuɗin sallamata a hannun jarin wani kamfani da ke sarrafa kaya a nan Najeriya, amma uwar kamfanin tana Turai. Na yi shekaru ina karɓar rabona na riba, da shi nake biyan kuɗin makarantar yara, sai aka daina biya tun daga rahoton 2023. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, rahoton ya nuna cinikinsu ya ƙaru, kayansu kuma ba sa kwantai a kasuwa, amma suka ce sun yi asara saboda faɗuwar naira da kuɗin ruwa. Ta yaya mai ciniki zai yi asara haka? Shin in sayar ne tun ban rasa uwar kuɗin ba?

Amsar wani tsohon ma'aikacin banki:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Amsar tambayarka tana wurin bashin da ake bin kamfanin, ba wurin ciniki ba. Irin waɗannan rassa sukan karɓi rancen dala daga uwar kamfani, ko su ɗauko kayan aiki daga waje bashi, alhali da naira suke sayarwa. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji, dalar da take wajen naira 460 ta kai kusan 900 a ƙarshen shekarar, ta kuma haura 1,500 a 2024. Ka ɗauka ana bin kamfani dala miliyan 100. A farkon shekara bashin naira biliyan 46 ne, a ƙarshenta ya zama biliyan 90, ba tare da an ƙara karɓar ko sisi ba. Dole a rubuta bambancin a matsayin asara, shi ne yake cinye ribar cinikin. Haka MTN Najeriya ta bayyana asarar kusan naira biliyan 137 a 2023 duk da cewa kuɗin shigarta ya ƙaru. Dokar kamfanoni kuma ba ta yarda a raba riba ba sai an cike gurbin asarar da ta taru, shi ya sa ka ji shiru. A ganina kada ka yi gaggawa, domin idan naira ta tsaya wuri ɗaya irin wannan asarar ba ta maimaituwa.

Amsar wata akanta:

Baba, bayanin da ya gabata daidai ne, amma ina tsoron a ɗauka cewa asarar ta takarda ce kawai. Ranar da wa'adin bashin ya cika, dala za a nema a biya, kuma da nairar ciniki za a saye ta a farashin ranar. Ga kuma kuɗin ruwa, wanda ya matse kamfanoni ta fuska biyu. Babban bankin Amurka ya ɗaga nasa daga kusan sifili a farkon 2022 zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari a 2023, don haka rancen dala mai ruwan da ke bin kasuwa ya ƙara tsada. Wanda ya gudu ya koma rancen naira kuma ya tarar da Babban Bankinmu ya ɗaga nasa daga kashi 18.75 zuwa 27.5 a cikin 2024. Ka buɗe rahoton shekara, ka wuce shafukan hotuna, ka je bayanin bashi. Ka duba nawa ne na dala, wa yake bin su, yaushe za a biya, kuma ruwan tsayayye ne ko mai hawa da sauka. Idan uwar kamfani ce mai bashin, akwai sauƙi, domin takan ɗaga wa'adi ko ta mayar da bashin hannun jari, ko da yake hakan yana rage kason ƙananan masu jari irinka.

Amsar wani ɗan kasuwa:

Alhaji, ka kuma duba yadda uwar kamfanin take kallon reshen. Ita da yuro ko fam take lissafi, ribar naira kuwa idan aka canza ta sai ta ƙanƙance. Wannan na cikin dalilan da suka sa Procter & Gamble, wato kamfanin Amurka mai sarrafa kayan masarufi, ta sanar a Disambar 2023 cewa za ta daina sarrafa kaya a Najeriya ta koma shigowa da su. Kamfanin da ke sayen masara, dawa ko rogo a gida ya fi wanda komai nasa sai an yi oda jure wa irin wannan girgiza.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba rahoton kamar yadda 'yata akanta ta ce, na ga mafi yawan bashin na uwar kamfani ne, kuma na dala ne. Zan kai wa dillalina shi ranar Litinin mu duba wa'adin biya tare, in kuma tambaye shi ko zan iya sayar da kaɗan don kuɗin makarantar wannan zangon in bar sauran.