Misalan Yesu da littattafan annabawa: ɗaukowa ce ko kama?

Ayuba, Tawa:

Salama gare ku ƴan'uwa. Matasan majami'armu a nan Tawa za su soma nazarin misalan Yesu, kowace Lahadi da yamma, awa ɗaya da rabi. A Littafi Mai Tsarki, a gefen Markus 12:1, misalin gonar inabi, na ga an sa Ishaya 5:1-2, a gefen Markus 4:32, misalin ƙwayar mastad, kuma Ezekiyel 17:23. Shin Yesu ɗaukowa ya yi daga annabawa, ko kama ce kawai ta zo daidai? In ɗaukowa ce, yaya za a nuna wa matasa ba tare da an cika musu kai da ayoyi ba?

Malam Ishaku, Yamai:

Ɗan'uwa Ayuba, a kan Markus 12 babu tababa, ɗaukowa ce. Jera wuraren biyu ka gani. A Ishaya 5:2 mai gona ya kafce ƙasa, ya tsince duwatsu, ya dasa inabi mai kyau, ya gina hasumiya a tsakiya, ya fafe wurin matse inabi. A Markus 12:1 mutumin ya dasa inabi, ya kewaye shi da shinge, ya haƙa ramin matsewa, ya gina hasumiya. Daga nan labarin bai sake waiwayar hasumiyar ko ramin ba. An ambace su ne don mai sauraro ya tuna waƙar Ishaya, kamar yadda mutum kan ja baitin farko na waƙar da kowa ya sani, jama'a su amsa. Matiyu 21:33 ya riƙe su duka, Luka 20:9 ya bar su, ya ce kawai an dasa gona.

Wani zai ce bai ga shinge a Ishaya 5:2 ba. Gaskiyarsa. A Ibrananci sai a aya ta 5 shingen ya fito. Tsohuwar fassarar Girkanci, wadda ake kira Seftuwajinta, ita ta sa shi tun a aya ta 2, Markus kuwa da Girkanci aka rubuta shi.

Amma inda nake so ka tsaya shi ne abin da Yesu ya sauya. A Ishaya laifin na gonar ne. An jira inabi mai zaƙi ta ba da mai tsami, aka yanke mata hukunci: a cire shinge, a tattake ta, a hana ta ruwan sama. Aya ta 7 ta faɗa ƙarara cewa gonar ita ce gidan Isra'ila, har da wasan kalmomi: an nemi mishpat, wato shari'ar gaskiya, sai ga mispah, zub da jini, an nemi tsedaka, adalci, sai ga tse'aka, kukan wanda aka zalunta. A Markus gonar ta yi amfani lafiya lau. Manoman da aka ba amanarta su ne suka hana mai gona rabonsa, suka doddoke bayinsa, suka kashe ɗansa. Bayin da ake aikowa ɗaya bayan ɗaya, duba Irmiya 7:25, haka Allah ya kira annabawa. Gonar kuma ba a lalata ta ba, manoman aka sauya.

Nan ne ake yawan yin ɓarna, a koyar da cewa Allah ya yar da Yahudawa gaba ɗaya. Nassin bai ce haka ba. Markus 11:27 ya faɗi waɗanda Yesu yake magana da su: manyan firistoci, malaman Attaura da shugabanni. A 12:12 sun gane da su yake, amma suka ji tsoron jama'a, jama'ar nan kuwa Yahudawa ne. Muna zaune da maƙwabta masu addini dabam da namu, kada mu koya wa yara tsine wa al'umma guda da aya.

Maman Rahila, Tawa:

Malam Ishaku ya gama da gonar inabi, bari in taɓa tsarin zaman. Misali ɗaya a zama ɗaya, annabi ɗaya, in ya yi yawa biyu. A fara da annabin, a karanta sashen duka da ƙarfi, wajen minti 20, kafin a buɗe Linjila. In aka fara da misalin, matasa sun riga sun san shi tun suna ƙanana, ba za su ji wani sabon abu ba. Sai a ja layi a tsakiyar allo, gefe ɗaya abin da ya yi daidai, gefe ɗaya abin da ya bambanta. Rabin lokacin a ba gefe na biyu.

Gwada da ƙwayar mastad. A Ezekiyel 17:22-24 Allah ya karyo toho daga ƙwanƙolin itacen al'ul ya dasa a kan dutse mai tsawo, ya zama babban itace, tsuntsaye iri-iri suka zauna a inuwarsa. A Ezekiyel 31 daular Assuriya ce itacen, a Daniyel 4 Nebukadnezzar sarkin Babila ne, kuma su biyun an sare su. Ke nan duk wanda ya ji itace da tsuntsaye, mulki mai ƙarfi zai tuna. Sai Yesu ya ce mulkin Allah kamar mastad ne, ganyen garka da ake shukawa kowace shekara, wanda in ya samu ƙasa mai kyau ya kai mita 2 ko 3. Kamar a tara mutane suna jiran a ce kuka ko gawo, sai a ce rama. Markus ya kira shi mafi girma cikin ganyayen garka, Matiyu 13:32 da Luka 13:19 ne suka ce ya zama itace. Ka zo da ƙwayar alayyafo a tafin hannu, girmansu kusan ɗaya, kowa ya taɓa.

Fasto Dawuda, Tawa:

Ayuba ɗana, ka ƙara Ezekiyel 34 a jerinka, don ƙasarmu ta makiyaya ce, ba sai an yi dogon bayani ba. A aya ta 4 an zargi makiyayan Isra'ila da ƙin neman tunkiyar da ta ɓata. A aya ta 11 da ta 16 Allah ya ce shi da kansa zai neme ta. Yanzu karanta Luka 15:1-7, ka lura Farisiyawa da malaman Attaura ne suke gunaguni don Yesu yana cin abinci da masu zunubi. Da ɗan gajeren labarin tunkiyar da ta ɓata ya nuna musu aikin da suka bari, ya kuma nuna aikin wa yake yi. Ezekiyel 34:17, inda ake shari'a tsakanin tumaki da raguna da bunsuraye, ita ce a bayan Matiyu 25:32, inda ake ware tumaki daga awaki.

Hattara dai, ba kowace aya ta gefen shafi ke da nauyi ɗaya ba. Akwai wadda aka ɗauko kai tsaye, kamar Ishaya 6:9-10 a Matiyu 13:14-15. Akwai wadda kalmomi suka zo daidai, kamar lauje da girbi na Yowel 3:13 a Markus 4:29. Masu riƙe da wasu fassarorin Faransanci za su same ta a Yowel 4:13, ka faɗa musu tun da wuri kada a ɓata minti 10 ana lalube. Akwai kuma hoton da kowa ya saba da shi, kamar ɓaure marar ƴaƴa a Irmiya 8:13 da Luka 13:6-9, wannan ka ce kama ce, kada ka rantse. Matar da ta ɓatar da kuɗinta a Luka 15:8-10 kuwa kada ka matsa sai ka nemo mata annabi.

Salon ma na annabawa ne. Annabi Natan ya ba sarki Dawuda labarin ƴar tunkiyar matalauci a 2 Sama'ila 12, sarki ya yanke hukunci, sannan aka ce masa shi ne mutumin. A Ishaya 5:3 mai gona ya ce mutanen Urushalima su yi shari'a tsakaninsa da gonarsa. A Matiyu 21:40 Yesu ya tambaya me mai gona zai yi, masu sauraro suka amsa da bakinsu a aya ta 41. In ka kai aya ta 40, rufe Littafin, ka bar matasan su yanke hukunci tukuna, sannan a karanta amsar.