Baldur's Gate 3: wace dabarar sara ce ta fi idan abokan gaba sun yi taron dangi?

Ɗan_Gwale:

Salamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata a kan wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 ce. Idan mayaƙi mai takobin hannu biyu ya tsinci kansa tsakiyar goblin biyar ko shida, kamar yadda ake yi a sansaninsu na kashin farko, me ya fi: ya yi Cleave ya taɓa uku a sara ɗaya, ko ya bi su ɗaya bayan ɗaya? Sannan tsakanin Fighter irin Lae'zel da Barbarian irin Karlach, wa ya fi share taro a mataki na 5? Lissafi nake so, ba “wannan ya fi burgewa” ba.

Baban_Ilham:

Wa alaikumus salam. Mu fara da lambobi. Babban takobi yana jefa 'ya'yan lido biyu masu fuska shida, matsakaicinsu 7. Idan ƙarfin mayaƙinka 18 ne ka ƙara 4, sara ɗaya ya zama kimanin 11. Cleave yana kama mutum uku iyaka, waɗanda ke gabanka cikin zagayen saran, kowanne ya sha rabi, wato 5 zuwa 6. Uku sun haɗu 16 da ɗan ɗoriya. A takarda ya fi 11. Idan biyu kawai ka kama kuwa, babu ribar ko sisi, ka dai raba 11 ɗin gida biyu.

Matsalar ita ce goblin da ya rage da jini ɗaya yana dukanka daidai da wanda ba a taɓa ba. Wasan layi-layi ne, duk wanda ke numfashi yana da nasa layin. Ka raunata uku, uku za su rama. Ka kashe ɗaya, duka ɗaya ya ragu a kowane zagaye har faɗa ya ƙare. Saboda haka Cleave ba na buɗe faɗa ba ne, na rufewa ne: bayan Gale, mai sihirin tawaga, ya watsa musu wuta, ko an fasa gangar mai a kansu, sun rage da jini 4 ko 5, nan ne sara ɗaya ke kwashe uku.

Kuma sau ɗaya ake yinsa sai an yi gajeren hutu, gajeren hutu kuwa biyu ne kacal kafin dogon hutu. Kowane ɗaya daga cikin ukun da nasa jifan lido daban, don haka kana iya samun ɗaya ka kuskure biyu.

Abin da ke share taro da gaske shi ne baiwar Great Weapon Master, wadda za ka iya ɗauka a mataki na 4. Duk lokacin da ka kashe wani, ko saranka ya faɗa mai tsanani, kana samun ƙarin sara da ƙaramin motsinka (bonus action, ɗan ƙarin motsin da kake da shi a kowane layi). Fighter a mataki na 5 yana da sara biyu, Action Surge ya ba shi wasu biyu, na kisa ya zama na biyar. Sara biyar a layi ɗaya, kowanne cikakke, kuma kana iya takawa tsakaninsu daga wannan zuwa wancan.

Hajjo_Zinder:

Baban Ilham ya faɗi gaskiya a kan Cleave, amma bai yi wa Barbarian adalci ba. Idan ka zaɓi reshensa na Wildheart da zuciyar damisa a mataki na 3, kana samun Tiger's Bloodlust. Kusan Cleave ne, mutum uku, rabin duka, sai dai ba shi da iyaka muddin fushin Barbarian (Rage) yana kai, kuma daga mataki na 5 sau biyu za ka yi shi a layi ɗaya. Duk wanda ya taɓa yana zubar da jini, 2 a farkon kowane layinsa. A mataki na 6, idan ka ƙara Aspect of the Tiger, ƙarfinka yana shiga jifan lido sau biyu a kan mai zubar jini, wato saran farko yana gyara wa na biyu hanya. Idan Aspect of the Wolverine ka zaɓa a maimakonsa, shi kuma yana gurgunta mai zubar jinin, ya kasa takawa zuwa wurin masu sihirinka.

Sai batun wanda zai jure. Fighter yana zubar da Action Surge a zagayen farko, shi ke nan sai an huta. Barbarian mai fushi rabin sara da suka da bugu kawai yake sha. A tsakiyar mutum shida wannan rabin ya fi kowane sulke amfani. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma idan ƙarfin yana raba dukan yawa gida biyu, lissafin ya canja.

Wuraren da ake tuntuɓe guda uku ne. Shiga fushi yana cin ƙaramin motsi, don haka a zagayen farko ko ka kashe wani babu ƙarin saran Great Weapon Master. Sulke mai nauyi yana lalata amfanin fushin, a bar shi da matsakaici ko babu. Na uku ya fi ciwo: gawarwaki masu tafiya da mutum-mutumin ƙarfe ba sa zubar da jini, kashi na biyu kuwa cike yake da irin na farkon, don haka rabin wannan gini yana zaman banza a can.

A taƙaice ga tambayarka, ɗan'uwa: faɗan zagaye biyu na Lae'zel ne, wanda ya kai biyar na Karlach.

Malam_Sabo77:

Akwai kuskuren da kusan kowa ke yi da Great Weapon Master. Baiwar kashi biyu ce. Ɗaya ƙarin saran nan, ɗaya kuma cinikin rage 5 a jifan lido don ƙara 10 a duka, kuma ana kashe na biyun a jerin baiwa ba tare da an rasa na farko ba.

Ga lissafin. A ce damar samunka 65 cikin ɗari ce da duka 11, matsakaici 7 da ɗan kai. Ka kunna cinikin, dama ta sauko 40 cikin ɗari, duka ya hau 21, matsakaici 8.4. Riba ce ƙarama. Da Reckless Attack na Barbarian, inda ake jefa lido biyu a ɗauki babba, 40 tana komawa 64, matsakaici ya haura 13, ba tare da cinikin ba kuwa bai kai 10 ba. Wannan duk a kan mai jini da yawa ne. Goblin mai jini 10 fa? Duka 21 a kansa ɓarna ce, rabi ya tafi a iska, kai kuma ka sayi kuskure 60 cikin ɗari. A kan ƙananan taro a kashe shi, a kunna idan an zo kan Dror Ragzlin ko Minthara.

Reckless Attack ma da kuɗinsa: duk wanda ya kawo maka hari kafin layinka ya dawo shi ma lido biyu zai jefa. Gaban mutum ɗaya ba komai. Gaban shida a duba jinin da ya rage tukuna.

Hajjo_Zinder:

Haka ne Malam. A ƙara da wurin tsayuwa. Martani, wato saran da kake kai wa mai wuce ka ba a layinka ba, ɗaya ne a zagaye, don haka mayaƙi a fili mutum ɗaya zai sara cikin masu wucewa, sauran su zarce kan Gale. A ja da baya zuwa bakin ƙofa ko kan gada, su taru a gaba, sai zagayen saran ya kama uku da kansa. Maharban da ke sama suna da ƙarin 2 a jifansu, a fita daga inda suke hange kafin a fara.

Baban_Ilham:

Na yarda da batun juriya. Amma idan taro ake magana zalla, a mataki na 5 babu mai takobin da ya kamo Shadowheart, Cleric ɗin tawaga, da sihirinta na Spirit Guardians. Lido uku masu fuska takwas, matsakaici 13 da rabi, ga duk maƙiyin da ke cikin mita 3 da ita, ko ya tsallake jifan lidon kare kai ya sha rabi, tafiyarsa ma ta ragu rabi, har zagaye 10. Ba ta da iyakar mutum uku, kuma inuwoyin kashi na biyu ninki suke shan dukan haske. Rauninta natsuwa: duk bugun da ta sha sai ta jefa lido, ta faɗi sihirin ya watse. A ba ta garkuwa da baiwar War Caster mai ƙarfafa natsuwa, ta taka cikin taron ta rage musu jini, Lae'zel ta biyo baya da Cleave ɗin nan da muka raina a farko.

Sweeping Attack na Battle Master, reshen Fighter, kuwa kada ka ɓata gurbi a kansa, lido ɗaya mai fuska takwas kawai yake yi wa kowa. Trip Attack ko Precision Attack sun fi. Idan ka riga ka zaɓa, Withers, wanda ke zaune a sansaninka, yana sake maka gini a kan zinare 100.