Saita MikroTik ta layin umarni: ina kuka fi yin tuntuɓe?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu saita rawutar MikroTik (na'urar rarraba intanet) ta SSH, wato shiga daga nesa da rubutun umarni, ko ta tagar Terminal, kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa. Ni nawa shi ne adireshin IP, wato lambar da ake samun na'ura da ita. Sabuwar rawuta tana zuwa da 192.168.88.1. In za ka ba ta wani, ka rubuta shi cikakke:

`/ip address add address=192.168.10.1/24 interface=bridge`

Wanda ya manta /24 ɗin nan, mai nuna faɗin rukunin adireshin, na'urar ba za ta yi masa gardama ba. Za ta karɓa ta ɗauke shi a matsayin /32, wato adireshi guda tilo marar maƙwabta, sai kwamfutoci su kasa ganinta. Kuma kada ka goge tsohon adireshin sai ka tabbatar ka shiga ta sabon.

Malam Auwalu: Wa alaikumus salam. Injiniya, kafin ma a taɓa adireshi, a danna Ctrl+X. Za ka ga SAFE, wato yanayin kariya, ta bayyana a gefen sunan na'urar. Daga nan duk abin da ka canza na wucin gadi ne: in layinka ya yanke, bayan kamar minti 9 rawutar za ta warware canje-canjen da kanta. In komai ya tafi daidai, ka sake danna Ctrl+X su zauna. Abin da mutane ba sa lura da shi, tana riƙe ayyuka 100 ne kawai. Ka liƙa doguwar takardar umarni ta haura haka, sai ta fita daga SAFE shiru, ba abin da zai warware. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Wallahi wannan maɓallin ya fi kuɗin mota zuwa wani gari don danna reset.

Hajiya Zainab: Inda aka fi kulle kai waje shi ne katangar tsaro, wato firewall. Dokokinta daga sama zuwa ƙasa ake karanta su, wadda ta fara dacewa ita ke aiki. In drop (dokar hani) tana sama da accept (dokar yarda) ɗinka, ka rufe ƙofa da makulli a ciki. A ƙara `place-before=0` don dokar yarda ta hau kan gaba. Sannan saitin kamfani yana hana shiga rawutar daga duk inda ba ya cikin jerin LAN (ɓangaren cikin gida), don haka wanda ya ƙirƙiri sabon bridge (haɗakar ƙofofin rawuta) sai ya sa shi ciki:

`/interface list member add list=LAN interface=bridge2`

In an riga an kulle, a jona waya kai tsaye a gwada Winbox, manhajar saita MikroTik, ta adireshin MAC (lambar jikin na'ura), ba ta IP ba.

Sadiq: Hajiya, to in rawutar tana yi wa 8.8.8.8 ping (gwajin isa intanet) lafiya amma wayoyi ba sa buɗe komai fa?

Hajiya Zainab: Ƙanena, duba NAT tukuna, wato dokar da ke fitar da na'urorin ciki intanet da adireshin rawutar:

`/ip firewall nat add chain=srcnat out-interface=ether1 action=masquerade`

In kana amfani da PPPoE (haɗin intanet mai suna da kalmar sirri), sunan pppoe-out1 za ka sa a maimakon ether1, ƙofar da intanet ke shigowa. In lamba tana tafiya amma sunan shafi ba ya tafiya, matsalar DNS ce, mai fassara suna zuwa lamba.

Injiniya Bashir: A kan DNS ɗin nan ina da magana. `allow-remote-requests=yes` yana sa rawutar ta amsa tambayar suna ga kowa, har da na waje. In kana da adireshin da intanet ke gani kuma ba ka toshe tashar DNS mai lamba 53 ta UDP da TCP daga ɓangaren ether1 ba, baƙi za su yi ta amfani da ita, ka ga data na ƙarewa, na'ura na nishi, masu hotspot na ƙorafi. Wani abin kuma: modem da yawa suna raba 192.168.1.x ko 192.168.8.x. In cikin gidanka ma lambar ke nan, rawutar ta rikice ta ina za ta fitar da kaya. Ɓangarorin biyu dole su bambanta.

Malam Auwalu: Akwai kuma shafukan da ke buɗewa rabi su tsaya a kan PPPoE. Girman fakiti ne ya fi ƙarfin layin. Maganinsa a mangle, sashen katangar tsaro mai gyara fakiti: chain=forward, protocol=tcp, tcp-flags=syn, action=change-mss, new-mss=clamp-to-pmtu.

Kabiru: Waɗanda suka saba da rawutocin kamfanin Cisco su kiyaye, halinsu ba ɗaya ba ne. MikroTik tana adana umarni nan take. Cisco kuwa sai ka buga `copy running-config startup-config`, in ba haka ba ɗauke wuta ɗaya ya share aikin yini. Ƙofofin rawutar Cisco a kashe suke zuwa, sai da `no shutdown`. Madadin SAFE a can shi ne `reload in 10` kafin ka fara, `reload cancel` in ka gama lafiya. Wayar console, ta jona kwamfuta kai tsaye don saiti, ita ma gudunta ya bambanta: 9600 a Cisco, 115200 a yawancin MikroTik. In ka ga haruffa kamar rubutun aljanu, nan za ka fara dubawa.

Hajiya Zainab: Kafin kowane gyara a yi `/export file=kafin-gyara` a sauke shi kan kwamfuta. Rubutu ne da ake karantawa, ana iya kai shi wata na'ura a gyara sunayen ƙofofi. Fayil ɗin backup na na'urar da aka ɗauke shi ne, kada a ɗora wa wata. A RouterOS 7, babbar manhajar MikroTik, export ba ya fitar da kalmomin sirri sai an ƙara `show-sensitive`, don haka wanda ya dawo da saiti ya ga PPPoE ya ƙi haɗuwa, ya duba ko gurbin kalmar sirrin fanko ne.