Yaya ake ajiye wuƙaƙen shafa fila kada su yi tsatsa ko su lanƙwashe?

Sabon_Hannu: Assalamu alaikum, manyanmu. Ina neman shawara kan ajiyar kayan aikin allon jifsam, allon da ake yin silin da bango da shi. Wuƙaƙen shafa fila (kwaɓin da ake cike mahaɗar alluna da shi) masu inci 6, 10 da 12, kwanon fila, zarton huda da magagari duk a jaka ɗaya nake zuba su. Manyan wuƙaƙen sun fara tsatsa, mai inci 12 kuma tana jan layi a jikin bango. Mene ne mafita?

MaiShafe: Wa alaikumus salam, ƙanina. Jakar nan ita ce matsalar. Bakin wuƙar shafe siriri ne, da haƙoran zarto ko kan sukuru sun goge shi sai ya ɗan ɓantare, wannan ɓantarewar ce ke jan layi a fila. Raba masu haƙori da masu baki tukuna.

Samu katako biyu masu kaurin inci 1, ka yi musu tsagi da zarto, inci ɗaya da rabi tsakanin tsagi da tsagi, ka kafa su a cikin akwati suna kallon juna. Kowace wuƙa ta shiga tsaginta a tsaye, bakinta bai taɓa ƙasan akwatin ba. A shago kuwa rataye su ta ramin ƙota ya wadatar. Kada dai ka kwantar da mai inci 10 ko 12 ka ɗora mata nauyi. Tana da ɗan lanƙwasa kaɗan da ke sa gefunanta ba sa karce fila, nauyi na iya murɗe ta, murɗaɗɗiyar wuƙa kuma ba ta ƙara shafe sumul. Yi alama a ƙota don ka riƙa gane fuskar da kake aiki da ita.

Wadda ta ɓantare ɗin, shimfiɗa samfefa mai lamba 220 a kan gilashi ka goga bakin a miƙe har ya daidaita.

Oga_Silin: Gaskiya ne, Malam. Zancen tsatsa kuma, wuƙar shuɗin ƙarfe ta fi laushin hannu amma ba ta jure danshi ko na dare ɗaya. Wanke ta kafin fila ta bushe, har lungun da ƙarfe ya haɗu da ƙota, ka tsane ta da tsumma, ka shafa man keken ɗinki kaɗan. Da safe goge man sarai kafin ka taɓa fila, don mai yana hana fenti kamawa. Wuƙar sitenles, ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, ba ta buƙatar mai.

Kwano ma a kula da kusurwoyinsa. Idan filar gari ce mai daskarewa a minti 20 ko 45, ragowar da ta maƙale tana sa sabon kwaɓi ya daskare da wuri, ɓurɓushinta kuma ya ja maka layi kamar dai wuƙar ce ta lalace. Ruwan wankinta kada ya shiga bututu, tana daskarewa ko a cikin ruwa. Bari ta kwanta a bokiti, ka tsiyaye ruwan, ka kwashe abin da ya kwanta.

Sabon_Hannu: Na gode ƙwarai. To doguwar sukwaya mai inci 48, ta awo da yankan allo, fa?

Oga_Silin: Rataye ta ita kaɗai, kai a sama. Alminiyom ce, jingina ta da bango na iya lanƙwasa ta. Tef ɗin takarda na rufe mahaɗar alluna kuma a sa shi cikin roba mai murfi, in ya sha danshi yamushewa yake yi.